Mama, Zarenki Ya Fito

Shekara bakwai ke nan cif da muka sa Rifkatu a ƙasa a Manchok, kusa da kakarta. Sikila ce ta ɗauke ta tana da shekara tara. Ni ce uwarta, ina sayar da gwate, wato faten acca, a bakin tasha a Kafanchan. Rubutun nan a ajin yaƙi da jahilci na zumuntar mata na koye shi, ku karanta da haƙuri.

Ba mu da talabijin. In an kawo wuta ranar Asabar, sai ta ruga ɗakin maƙwabciyarmu Mama Nkechi, matar tsohon direban jirgin ƙasa, ta kalli katun. A ciki akwai wani mai gidan abinci mai ƙaton tumbi, yana ɗaura wa tsokar nama zare. Ya ajiye wa mutum kwano, mutum ya juya neman ruwa, sai ya fizge naman ya kai kwano na gaba. Tsoka ɗaya, gari guda. Turanci suke yi, ba na ji, ita ce ke dawowa ta kwaikwaya mini har da tafiyarsa, ko da gaɓoɓinta na ciwo. Ta raɗa masa suna Oga Zare.

Mu masu abinci muna da gyara. In kin zuba wa mutum na kuɗinsa, sai ki ƙara rabin ludayi ya tafi da fatan alheri a baki. Ranar da hannuna ya yi nauyi wajen ƙara gyaran, Rifkatu kan matso kunnena ta ce, "Mama, zarenki ya fito." Sai in yi dariya in ƙara.

Yau fa? Masu noman acca da yawa ba sa iya zuwa gona saboda hare-hare, abin da ya shigo kasuwa kuma sai kallo don tsada. Bara na daina gyara. Bana na yi abin da ya fi. Na sayi ludayi mai kama da tsohon, launi ɗaya, mariƙi ɗaya, amma cikinsa bai kai ba. Ba wanda ya lura. Laifi tudu ne, ashe. Muna dariyar Oga Zare, ban san ina taka nawa ba.

Watan jiya wata mata ta tsaya da goyo, cikin waɗanda suka baro ƙauyukan wajen Samaru Kataf da kayan jikinsu kawai. Na zuba mata. Ta dubi kwanon, ta tambaya a hankali ko babu gyara. Na ce tukunya ta yi ƙasa. Tukunyar tana rabi. Ba ta yi musu ba, ta ce Ubangiji ya sa albarka, ta tafi. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

A katun, Rifkatu ta ce kullum a ƙarshe zaren kan harɗe ƙafar Oga Zare ya faɗa cikin tukunya, yara su yi shewa. A nan ba mai faɗawa. Abin da ya ci Doma bai bar Awe ba, duk layinmu ludayi ya ƙanƙance, kuma Lahadi muna mazauni ɗaya a coci muna waƙa.

Me ya rage na ɗiyata? Rigunanta na bayar. Muryarta ma ta fara ɓace mini. Tsohon ludayin yana rataye a bayan ƙofa, kuma ba zan yi muku ƙarya in ce gobe zan sauke shi ba. Ƙannenta biyu suna jiran abinci. Abin da ya rage shi ne kunyar da ke kama ni duk sanda na ɗaga ƙaramin ludayin. Addu'ata ɗaya ce yanzu, kada in saba. Duk ranar da na zuba ban ji komai ba, ranar ce na binne ta da gaske.