Alawar da Dada Ta Ƙi Faɗin Sunanta

A gidanmu na unguwar Hammadu Kafi, da an idar da sallar isha'i sai mu zagaye murhun kakarmu Dada, tana jin ɗumi tana ba mu tatsuniya. Bafulatana ce mai tsananin kunya. Marigayi mijinta tsohon soja ne da bai wuce kofur ba, amma 'yan unguwa suka laƙaba masa Birgediya don tsokana. Dada ba ta taɓa faɗin sunansa ba, na yanka ko na tsokanar.

Kwatsam sai Kawu Buba ya dawo daga kwas a Burazil da gwangwanin wata alawar cakulan, dunƙule-dunƙule kamar ƙananan fura. Ya ce da Fotugis "birgadero" ake ce mata, wato Birgediya. Wai wani hafsan soja ne ya nemi shugabancin ƙasa, mata suka riƙa sayar da ita don taya shi kamfe. Ya sha ƙasa, sunan ya zauna.

Duk muka juya muka kalli Dada. Ta ja mayafi.

Da ta rage saura guda ɗaya, Kawu ya ce duk wanda ya sa Dada ta faɗi sunan, tasa ce. Ni kuwa na ƙwallafa rai.

Ranar Dada ta mayar da labarin tatsuniya. Wani soja ya nemi sarauta, ya ba Gizo ajiyar alawar da za a raba wa jama'a. Gizo ya ce bari ya ɗanɗana ko akwai guba. Da ɗanɗane ya ga bayan kwando bakwai, jama'a suka fusata, soja ya rasa sarauta.

Na ce, "Dada, yaya sunan sojan?"

"Wani bawan Allah."

"Alawar fa? Na manta sunanta."

"Takwarar mai gidan nan. Ɗan nema, wanda ya manta ne yake haɗiyar yawu haka?"

Tana cewa ƙurunƙus ta miƙa hannu ta ɗauki alawar, ta jefa a baki. Na fashe da kuka. Ta ce, "Shekara arba'in ina riƙe da sunan nan a baki ban furta ba, yau zan bar maka shi?"

Na daɗe ina jin haushinta. Sai da na girma na gane wannan shirun nata so ne, kuma ina kewarta ƙwarai. Yanzu ni nake haɗa wa yarana alawar da madarar gwangwani da garin cakulan. Matata kuwa daga bakin ƙofa take ƙwala mini kira da sunana, har maƙwabta su ji. Da yaran suka tambaye ni sunan alawar, na buɗe baki na kasa, sai na ba su amsar Dada. Takwarar mai gidan nan suke ce mata.