Alayyahun da Malam Audu Ya Hana Mu

A Gyaɗi-Gyaɗi, bayan layin masu gyaran batir, Malam Audu yake da lambu. Daga ƙauye ya zo da fartanya da garwa biyu, ya shekara tara yana ban ruwa daga kwatar da ta ratsa wurin. Alayyahunsa kuwa sai wanda ya gani, ganye manya-manya, kore shar. Mu matan layi har faɗa muke yi a kansa, ni ce kan gaba.

Shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, Malama Rifkatu, mai koyar da kimiyya a sakandare, ta tare a unguwar Babban Giji. Ta sayi ɗauri ɗaya, maimakon ta dafa sai ta kai wa ƙawarta a jami'a aka gwada. Ta dawo wurin Malam Audu ta ce, "Baba, akwai gubar dalma a ganyen nan. Daga ruwan batir take."

"Guba?" in ji shi. "Ai da ya bushe. Ni ganye ne yake faɗa mini lafiyar ƙasa."

"Wannan karon ya ɓoye maka. Saiwa ce ke zuƙo ta. Shukar tana da wani sinadari da take ɗaure gubar da shi, ta kulle ta a 'yan aljihuna cikin ƙwayoyin ganye. Ita ba ta jin komai. Yaran da suka sha miyar su za su ji."

Abu ɗaya ya tambaya: tunda ganye yana zuƙewa, ke nan gubar ƙasar tana raguwa? Ta ce kaɗan-kaɗan, kuma sai an daɗe.

Bai daina shuka ba, sayarwa ya daina. Ya koma dako a kasuwar Tarauni, ban ruwa kuma daga rijiya. In alayyahu ya kai, sai ya tuge shi, ya cusa a buhu, ya kai nesa ya binne. Haushi kamar ya kashe ni. Na ce ko akuyata ya ba, ya hana. Na faɗa masa a fuskarsa cewa tsufa ya fara taɓa masa kai.

Wata Juma'a ya yi sallama da ni, na fito soro a fusace. Ashe gida-gida yake bi. Dattijon da a haife ya haife ni ya tsuguna a gabana.

"Rabi," ya ce, "shekara tara kina ba 'ya'yanki abin da na shuka. Wallahi ban sani ba. Ki yafe mini."

Kunya ta rufe ni, ni da na zage shi a kan akuya. Ya miƙe ya nufi gidan gaba.