Ranar da Baffa Ya Zo Ƙirga Gidanmu

Bin Mahmud, bayan asuba

Mun fita daga gidanmu na unguwar Bin Mahmud ranar Asabar ana idar da sallar asuba. Abba ne ke tuƙi, yayansa Baffa Sale yana gaba, ni ina baya riƙe da fulas ɗin shayi. A makon nan Baffa ya zo Doha daga garinmu, Rafin Kuka. Shi ne shugaban ƙungiyar wuta ta can. Ƙauyuka huɗu ne suka haɗa hannu suka kafa sola, kowane mai gida memba ne. Yanzu batiran sun tsufa, suna so su tsara wutar da za ta ishe su shekara ashirin. Abin da aka gaya min shi ne Baffa zai ga babban filin sola da ke cikin hamada, don Abba injiniyan lantarki ne, yana da aboki a wurin.

Ban san me ya sa aka tashe ni ba. Baffa ne ya ce, "A taho da uwata." Sunan kakarmu aka sa min, shi ya sa yake kirana haka.

Hanyar hamada

Gari ya fara haske amma fitilun titi suna nan a kunne. Baffa ya daɗe yana kallonsu, ya ce, "Kabiru, wa aka kunna wa waɗannan? Ba kowa a titin."

Abba ya yi dariya. Can kuma Baffa ya ce, "Gininka na bayan makaranta, ka san akuyoyin maƙwabcinka Tanko ne ke kwana a falo?"

"Yaya, ka ga raƙuma can," in ji Abba.

Na leƙa ta taga. Babu raƙumi ko ɗaya, sai shinge da wata leda da ta maƙale a jikinsa.

Filin sola

Tafiyar ta kai awa guda. A ƙofa mai gadi ya karɓi katunanmu, ya juya fasfon Baffa gaba da baya, ya ce yalla, wato mu wuce. Abokin Abba, Bulus, mutumin Jos ne. Ya ba mu hular kwano da riga mai ƙyalli. Tawa hular ta yi min yawa, sai da na riƙe ta da hannu ɗaya.

Falankan sola sun jeru har inda ido ya tsaya. Na ɗauka Baffa zai yi ta tambaya, amma sau ɗaya ya taɓa falanki da yatsa, ya goge yatsan a rigarsa.

Bulus ya ce wa Baffa, "Baba, gida nawa kuke so ku ba wuta?"

"Abin da na zo nema ke nan."

"Ai daga nan ake farawa. In kun ƙirga kaɗan, nan da shekara biyar wuta ta riƙa faɗuwa. In kun ƙirga da yawa, kun ja turakun wuta zuwa gidajen da babu kowa."

Baffa ya ce, "Shi ya sa muka yi doka. Gidan da mai shi yake waje ba a ƙirga shi sai ya faɗa da bakinsa cewa zai dawo ya zauna. Turakun da muke da su hanya ɗaya za su isa, ko bayan makaranta ko Unguwar Masaƙa."

"To ai ga mai bakin nan," in ji Bulus, yana dariya. Shi kaɗai ya yi. Abba ya sunkuya yana karanta lambobin jikin wani akwatin ƙarfe, kamar bai taɓa ganin irinsa ba.

Asian Town, azahar

A hanyar dawowa muka tsaya a unguwar Asian Town, a wani shagon ’yan Pakistan muka sayi biryani. Baffa ya ɗanɗana ya ce an sa turare a shinkafa. Sai ya ajiye wayarsa a tsakiyar tebur.

"Gobe bayan la'asar ake taron ƙungiya. Kabiru, danna nan ka yi magana, su ji da kunnensu."

Ni tun ina firamare nake jin ana cewa baɗi za mu koma. Umma tana da kwalin kwanuka a saman durowa da ba a taɓa buɗewa ba, wai na sabon gida ne. Ban taɓa tunanin akwai wata amsa ba.

Abba ya danna, ya yi sallama, ya faɗi sunansa, ya goge. Ya sake yi ya sake gogewa.

Baffa ya juyo ya ce, "Uwata, ke fa? Shekara ashirin taki ce, ba tamu ba."

Na kalli cokalina, akwai ƙwayar shinkafa guda a bayansa. Na ce, "Baffa, ko an sauke ni a tasha ban san hanyar gidan ba."

Ban sani ba ko daidai na yi. Abba ya ɗauki wayar ya danna ya ce, "Ni ne Kabiru ɗan Malam Isa. Kada a ja turaku saboda ni. A kai Unguwar Masaƙa, su suna nan."

Baffa ya saurara har ƙarshe, ya tura. Ya ce, "Da ka faɗa bara, da ban hau jirgi ba."

"Da ba ka hau ba, Yaya, da ban faɗa ba."

Bin Mahmud, kafin la'asar

Mun iso lafiya, alhamdu lillahi, kuma ina gode wa Bulus da ya zaga da mu cikin rana. Umma ta buɗe ƙofa tana tambayar yadda muka ga sola. Abba ya ce, "Zo, akwai magana." Suka shiga ɗaki, ni da Baffa muka zauna a falo. Ina jin muryar Umma ta bango, amma na kasa gane ko faɗa take ko dariya.