Allurai Shida a Kwano Ɗaya

Na manta abubuwa da yawa na aiki, amma ban taɓa mantawa da ranar da na wanke allurai shida a kwano ɗaya ba.

Shekarun farko ne bayan samun mulkin kai. Na dawo Agadas daga koyon sana'a a Yamai, takarda a aljihu, kai a kumbure, aka ɗauke ni gwajin wata uku a wani gareji. Shef ɗinmu, wato shugaban garejin, Malam Bubakar, ya sa ni ƙarƙashin Baba Illa, tsohon makanikin da bai taɓa shiga lakkol, wato makarantar boko, ba. Baba Illa yana da wani gwangwani cike da gazuwal, man manyan motoci. Duk kamyon, wato babbar motar kaya, da ya mutu, sai ya je ya kwance anjektar, wato ƙarfen da ke fesa mai cikin moter, injin motar ke nan, ya cire bakinsa da allurar da ke ciki, ya ɗaure su tare da jan zare, ya jefa a gwangwanin. Ni na raɗa wa gwangwanin suna maƙabarta, har na ba shef shawara a zubar.

Wata Alhamis aka kawo kamyon da zai kai gero da magani Bilma, yana hayaƙi. Ranar Asabar ayarin motoci zai tashi, kuma mota ba ta tsallake hamadar Tenere ita kaɗai. Shef ya ce, "Sidi, wanke anjektar ɗin. Wannan ne gwajinka." Baba Illa kuwa ya tafi walimar suna.

Ga wanda ba makaniki ba: kowane baki da allurarsa aka goga su tare tun daga masana'anta. A ido duk ɗaya suke, amma allurar wannan ba ta zama a bakin wancan. An koya mini haka sarai. Sai dai ina so in gama kafin tsoho ya dawo, ya ga aikin 'yan boko. Na kwance anjektar shida na motar, na juye bakuna da allurai duka a kwano, na wanke har suna walƙiya, na mayar da kowace inda hannuna ya kai.

Da na tayar da moter, ya yi tari, ya yi ƙwanƙwasa, ya turnuƙe garejin da baƙin hayaƙi, har mai shayin bakin ƙofa ya ɗauke butarsa ya gudu. Cikin hayaƙin Baba Illa ya shigo. Bai dubi motar ba, kwanon ya duba.

"Ɗana, duka shida nan ka zuba su?"

"I, Baba."

"To, madalla. Ango shida, kowa ka kai mai amaryar wani."

Allurai sun karce, sababbi sai daga Yamai, makonni ke nan. Ni kuma ban daɗe da aure ba, na riga na gaya wa surukaina na samu aiki.

Tsoho ya jawo maƙabarta, ya tsamo ɗauri takwas, ya ba ni siririyar wayar tagulla da ya karɓo wurin wani maƙerin azurfa, abokinsa. Tagulla tana da laushi, tana fitar da dauɗa ba ta faɗaɗa rami. Ɗaya bayan ɗaya na wanke su, ba na kwance wani zare sai na gama da na gabansa. In ka karkata bakin, allurar ta sulale da kanta, to da rai. Sannan mu gwada a famfon hannu: in ya fesa kamar hazo, ya yi, in ya ɗiga, a ajiye. Biyu suka ɗiga, sauran shida muka ɗaura wa kamyon.

Bayan sallar Juma'a kamyon ya tashi lafiya lau. Shef ya zo ya kasa kunne.

"Wa ya yi aikin?"

Baba Illa ya ce, "Shi ne, ranka shi daɗe. Mamata sun ɗan taimaka mai."

Shef ya dubi gwangwanin, ya dube ni. "Sidi, har yanzu a zubar?"

Kunya ta hana ni ɗaga kai, su kuwa suna ta dariya. Ranar shef ya sa hannu a takardata, da safe kamyon ya bi ayari.

Tun ranar na san ƙarfen da aka jefar bai mutu ba sai in an raba shi da abokinsa, kuma tsohon da na raina ya rufa mini asiri bai taɓa yi mini gori ba. Da Allah ya yi masa rasuwa, ni na gaji gwangwanin. Allurai shidan nan kuwa suna nan cikin kwanonsu, babu zare. Duk sabon makanikin da ya zo mini da takarda, su nake fara nuna masa, in gaya masa aikin waye.