Shekara Takwas Babu Rifkatu, Ga 'Yata Da Cikin Fari

Shekara takwas ke nan da rasuwar Rifkatu, kuma bana ne na fi jin rashinta. An ce ba mutuwa ake yi wa kuka ba, sabo ake yi wa. To na yi kukan sabon har na ɗauka na gama. Sai ga 'yata ta fari da ciki wata bakwai, sai na gane akwai aikin da matar nan ta ɗauke mini tun ina amarya, ta tafi ba ta koya mini shi ba.

A wani gidan haya a Samaru muka haɗu. Ni an kawo ni daga ƙauyenmu ta wajen Giwa, ban san kowa ba, ita kuwa daga kudancin Kaduna take, tana da 'ya'ya biyu da keken ɗinki. Mazanmu duka ƙananan ma'aikata ne a jami'a. Ranar Lahadi ta ɗaura ɗankwalinta ta tafi coci, ni in ji kiran salla in shimfiɗa dardumata, amma igiyar shanyarmu ɗaya, turminmu ɗaya. Bakinta kuwa ba ya da ƙofa. Abin da ni zan yi wata ina juya shi a zuci, ita a tsakar gida take faɗarsa tana taka keke.

Da na samu cikin fari, abin da na sani game da ciki bai wuce amai da kwaɗayi ba, su na ji mata suna faɗa. Ni kuwa ko sau ɗaya ban yi amai ba. Yawu ne ya taso mini. Bakina ya zama kamar rijiyar damina, in tofar yanzu ya sake cika. Na samu gwangwanin madara na zuba ƙasa a ciki, ina ɓoye shi ƙarƙashin gado. Harshena kullum ɗanɗanon ƙarfe yake, kamar na kwana da kwabo a baki. In na sa aswaki sai jini a dasashi. Ranar da haɓo ya zubo mini ina tsakiyar tankaɗe, wallahi na sallama, na ce jifa aka yi mini, ko kuwa kwanana ne ya ƙare. Wa zan gaya wa? Cikin fari a wurinmu abin kunya ne, ba ka buɗa baki ka ce wa mahaifiyarka ga abin da kake ji. Malam mijina kuwa, Allah Ya jiƙansa, ko ƙanshin turarensa na shaƙa sai in ji kamar in bar masa ɗakin, ina kuma za a kai ga hira?

Rifkatu ce ta kama ni a bayan ɗaki ina juye gwangwanin.

"Amarya, me kike binnewa kullum kamar mage?"

Na sunkuyar da kai, sai hawaye. Ta leƙa gwangwanin, ta dube ni sama da ƙasa, ta kwashe da dariya har tana dafa bango.

"Haba ke kuwa! Ciki ne, ba mutuwa ba. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Zo nan ki zauna."

Ranar ban yi girki da wuri ba. Ta ce yawun nan wasu matan haka ciki ke zo musu, in riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan, in tsotsi lemon tsami ko ɗan ƙullin tsamiya, kada in bar cikina wayam kuma kada in cika shi tim. Tsamin nan ma shi ya rage mini ɗanɗanon ƙarfen. Ta ce in haɓo ya zo kada in ɗaga kai sama yadda muke yi a ƙauye, jinin maƙogwaro yake komawa. In zauna in ɗan duƙa gaba, in matse taushin hancin har ya tsaya. Ta ƙwace aswakina mai tauri ta sayo mini buroshi mai laushi, ta sa ni kurkure baki da ruwan ɗumi da gishiri. Da ciki ya tsufa jijiyar ƙafata ta fara ɗaurewa, ita ta nuna mini yadda zan miƙe ƙafar in jawo yatsun zuwa gaba. Da ta ga farar ƙasa a ƙullin zanena kuwa, faɗa ta yi mini sosai, ta ce sau da yawa ƙarancin jini ke sa mace son cin ƙasa, ta tasa ni gaba har wurin awo ta sa na faɗa da bakina. Wuyana ya yi baƙi ƙirin, wannan kam ta ce in haƙura, in na haihu zai wanke kansa. Ya kuwa wanke.

Abu ɗaya ne ba ta yi dariya a kansa ba. Wata rana da hantsi muna tsince shinkafa sai ta kama hannuna ta juya tafin, ta ce in ya fara mini ƙaiƙayi, shi da tafin ƙafa, ba ƙuraje ba komai, kada in jira gobe. Ashe tsakanin 'ya'yanta biyu akwai wani. Ta yi ta susa tun cikin yana wata bakwai, ana ce mata zafin ciki ne, wasu su ce gashin yaro ne ke sukarta. Ta shafa man kaɗanya, ta yi wanka da ganye, ba ta faɗa a asibiti ba don tana ganin wa zai je gaban likita da ƙaiƙayi? Saura kaɗan ta haihu yaron ya daina motsi. Sai daga baya aka gaya mata daga hanta abin yake, kuma da an auna jininta da wataƙila an ciro shi da rai. Ta gaya mini wannan sau ɗaya tak, ta koma kan shinkafarta. Tun ranar na fahimci daga ina bakin nan nata ya samo asali.

Ni Allah Ya raba ni da ƙaiƙayin, na haifi mace ranar Talata. Sunan da aka raɗa mata bai taɓa fita daga bakina ba, yadda uwata ba ta taɓa kiran na yayanmu ba. 'Yar fari ce, "ke" nake ce mata. Rifkatu ta sa mata Talatu, ta goya ta, ta yi mata kitso, ta ɗinka mata rigar makaranta. Yarinya ta tashi tana jin ƙannena suna ce mini Yaya, ita ma ta kama, har yau Yaya take ce mini. Rifkatu ce Mama. Da su Rifkatu suka koma unguwar Muchia ta samu shago a kasuwar Sabon Gari, duk Asabar sai Talatu ta hau bas ta tafi can. Ranar da ta fara ganin al'ada can ta kai labari. Saurayin farko, can. Ni sai dai in ji ƙarshen magana bayan an gama tace ta. Ba zan ɓoye ba, wani lokaci abin yakan ɗan sosa mini rai, amma ya fi mini sauƙi, don an ɗauke mini nauyin da bakina ba zai iya ba.

Hawan jini ne ya kayar da Rifkatu a shago. Kafin in samu mota daga Samaru in isa, an riga an rufe mata fuska. Malam ma bai daɗe ba ya bi bayanta. Bara da aka yi bikin Talatu gida ya cika da mata, ana guɗa ana raha, ni ina tsakiyarsu kamar baƙuwa. Ba wanda zan ja gefe in ce masa, kin ga yarinyarki?

Yanzu Talatu tana Bomo da mijinta, malamin makaranta, yaro mai hankali. Nakan je in gaishe su in dawo, ba na daɗewa. In rana ta fito tafin hannu ba ya kare ta, ciki ya fito, amma ni da ita ba wanda ya ambace shi. Ina ganin robar da take ɓoyewa bayan kujera, na san ta yawu ce. Ina ganin cingam ba ya barin bakinta. Nakan kai mata tsamiya da lemon tsami in ajiye a kicin, in ce na ga suna araha ne a kasuwa. Ita kuma ta ce an gode, Yaya. Iyakar hirarmu ke nan.

Nakan tambayi kaina me Rifkatu za ta ce da matan yanzu. Komai waya. Mace na zaune ta lallatsa, a gaya mata girman ɗan cikinta ya kai gwanda ko kankana. Ban raina ba, sun san abubuwan da mu muka yi ta kuka a kansu cikin duhun kai, ga awo a kusa, ga hoton ciki. Ina jin da ta yi murna da wannan. Amma na san da ta ce, wayar tana da ido ne? Waya abin da ka tambaye ta shi take amsawa. Abin da ka raina ba ka tambaya ba fa, wa zai gan shi in ba wanda ke zaune kusa da kai ba?

Makon jiya na je na same ta a bakin ƙofa tana goga tafin ƙafarta a kan dutsen wanki. Ta tashi ta kawo mini ruwa, ta zauna, sai ga shi tana murza tafin hannu a gefen tabarma, ta daina, ta sake. Idonta ya faɗa kamar wadda ba ta barci. Na kalli hannun, ba ƙurji ko ɗaya. Na buɗe baki, sai na ji kaina ina tambayarta ko an kawo musu wuta. Kai jama'a! Mace da furfura a ka. Na yi sallama na fito, har na kai bakin titi na tsayar da mai keke. Wa zan sa ya yi mata maganar? Ƙanwata tana Kano, kafin in kira ta ta kira yarinya ta lallaɓa maganar an kwana biyu. Surukarta ban saba da ita ba. Na duba gabas na duba yamma, ba kowa. Mai keke ya ce, Hajiya, za ki ne ko ba za ki ba? Na ce masa ya jira ni.

Na koma na tsaya a kanta.

"Ke, tun yaushe hannun nan yake miki ƙaiƙayi?"

Ta ɗago a firgice, don tunda take ba ta taɓa jin irin wannan tambaya daga gare ni ba. Ta ce ya kai sati biyu, ya fi tsanani in ta kwanta.

"Kin faɗa a wurin awo?"

"Yaya, ƙaiƙayi ne fa kawai. An ce fata ce ke buɗewa."

"Na ciki daban, na tafin hannu daban. Ɗauko mayafinki da katinki. Cikin nan naki ba za mu yi wasa da shi ba."

Na faɗi kalmar, ƙasa ba ta tsage ba. A asibiti aka ɗebi jininta, da sakamako ya fito likita ta ce ruwan ɗacin da hanta ke fitarwa ne yake taruwa mata a jini. Ta rubuta magani, ta ce za su riƙa duba ta a kai a kai, Talatu ta lura da motsin yaro, kuma mai yiwuwa ba za su bari ta kai ƙarshen wata tara ba. Ta ce mun yi daidai da muka zo. A hanyar dawowa muna cikin keke, Talatu ta jingina da kafaɗata, abin da rabonta da yi tun tana shan nono. Ta ce, "Yaya, da kina da cikina, ke me kika ji?" Na rasa ta inda zan fara. Na fara mata da gwangwanin madara, ta yi ta dariya har mai keke yana waiwaye.

Na dawo Samaru da yamma na buɗe ɗakina, ba kowa. Labari cike da bakina, kuma mutum ɗaya ce a duniya da za ta san girmansa, wadda za ta tafa hannu ta ce, yau amarya ta yi baki! Na zauna a bakin gado da mayafina a jiki, na daɗe ban cire ba.

Rifkatu ba ta bar gida ba, ba ta bar fili ba. Keken ɗinkin ma 'ya'yanta sun tafi da shi Kaduna, shagon wani ke sayar da takalma a ciki. Abin da ya rage nata shi ne yaron da ta rasa bai tafi a banza ba: ta mai da shi magana, ta damƙa mini, na riƙe shekara da shekaru ban san ranar amfaninta ba. Kunya ado ce, ban ce a yar da ita ba, da ita aka raine ni kuma da ita zan mutu. Amma duk uwar da ta ga 'yarta mai ciki tana susar tafin hannu da na ƙafa, ko fuska ta kumbura, ko ciwon kai ya ƙi sauka, to ta ajiye adon nan tukuna ta yi magana.

Talatu ba ta haihu ba tukuna, kuma tsoro bai sake ni ba. Jibi za mu koma asibiti. Ta ce in an shiga da ita ɗakin haihuwa ni take so a bakin ƙofa, ba kowa ba. Wurinki ne wannan, Rifkatu, ba nawa ba. Ban iya ba, amma zan tsaya.