Kiryar da Malam Ila ya tafi da ita

Ranar Talata da hantsi, ina zaune ƙofar gida a Buza ina ɗaure ƙafar tabarauna da zare, salula ta yi ƙara. Hajiya Rabi ce, matar abokina Malam Ila kafinta na Madawa. A shekara talatin da na yi da mijinta ba ta taɓa kirana ba, don haka tun kafin ta yi magana na aje tabarau. Ta ce, "Mushe, abokinka ya riga mu, bayan sallar asuba." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Sai na ji bakina yana ce mata ai ranar Juma'a muka rabu lafiya, har ya ce in dawo masa da littafinsa. Har yau ban san me ya sa na faɗi haka ba, kamar littafin zai sa a sake duba maganar.

Duk wanda ya san Malam Ila ya san motar da ke bayan shagonsa. Tsohuwar motar Ingila ce, irin waɗanda ake ƙerawa da hannu, doguwa, baƙa, matuƙinta a dama. Wani attajirin albasa ya sayo ta a bakin teku, ta yi masa tafiya biyu, ta uku ta mutu kan hanyar Buza. Da attajirin ya rasu, magada suka bar wa Malam Ila ita don su samu wurin ɗaure raguna. Shi ba makanike ba ne, bai taɓa taɓa injin ba. Kaji sun yi ƙwai a ciki zuriya bayan zuriya. Abin da ya kama zuciyarsa shi ne katako da fata da ɗinkin da ke cikinta.

A aljihun motar ya tsinci ɗan littafi da Ingilishi, ni kuma malamin Faransanci ne a lakkwal, makarantar boko, shi ya sa ake ce mini Mushe, sai ya yanke hukunci cewa duk Turanci ɗaya ne. Haka na koma tafinta da ƙamus a cinya. Daga littafin da wasu da na nemo muka ji cewa fatar kujerun ta shanu ce da aka kiwata inda babu ƙaya, don kada a samu tabo. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Saniyar da ba ta san ƙaya ba, mi ta sani?" Da ya sake kujerun da fatar shanun nan namu, ya bar tambarin makiyayi a tsakiyar kujerar baya, ya ce saniyar ma ta sa hannu. Muka ji kuma cewa siririn layin da ke gefen motar mutum ɗaya ke ja da hannu, daga gaba har baya, bai ɗagawa. Malam Ila ya yi wata biyu yana gwadawa a kan ƙofar makewayi da gashin wutsiyar jaki. Jakin maƙwabcinsa har yau ba ya yarda a bi ta bayansa.

Ranar da ya cire bangon ƙofar motar ya ga sunan wani Bature da fensir a inda ido ba ya kaiwa, ya shafa sunan da yatsa. Sannan ya ce, "Wanga mutum ya san za a tambaye shi." Tun daga ranar, duk abin da ya fita daga shagonsa, ko kujerar 'yar tsugune ce, sai ka ga sunansa da ajami a ƙarƙashi. Na taɓa ganinsa ya bi wani mutum har Deule ya karɓo ƙofar da ya sayar masa, don ya tuna ta karkace da kaurin farce. Mai ƙofar yana rantsuwa shi bai ga komai ba, Malam Ila yana cewa, "Ni na gani."

Allon gaba, inda agogunan mota ke zama, rana ta riga ta farfasa shi. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce ya samo gungumen kirya da ruwa ya kayar a wani kwari wajen Ibohamane, ya yanka shi falle goma sha biyu, ya jera a rufin shago yadda zanen kowane falle ke amsa na kusa da shi, kamar yadda Turawan ke yi. Duk Juma'a sai ya sauke su, ya shafa mai, ya mayar. Na ce masa kirya ta yi wa mota nauyi, ai ta turmi ce. Ya ce, "Mushe, ban son iccen da gara ke ci." Na ce yaushe za a kafa? Ya ce icce bai gama bushewa ba. Ya yi mini alkawari ni ne zan fara zama a kujerar baya, ko da jakuna ne za su ja mu.

Motar kasuwa ta yi ta tsayawa da mu, ban isa Madawa ba sai da aka dawo daga maƙabarta. Na yi gaisuwa, na kasa zama, na shiga shagon. Rufin wayam, falle ɗaya tak ya saura. Sai na fito, ni da na yi shekaru ina koya wa yara su yi tunani kafin su buɗe baki, na ce a gaban jama'a, "Ina katakon mota?"

Habu ya ɗago kai. Shi ne ɗan farin Malam Ila, direban babbar mota, mai 'ya'ya huɗu. Kamar yadda aka saba, wurin kakanninsa ya tashi a Deule, kuma ubansa, saboda kunyar ɗan fari, bai taɓa kama sunansa ba, bai taɓa zama hira da shi ba. In zai yi maganarsa sai ya ce "wancan na Deule". Da aka ce a kawo iccen rufe kabari, Habu ya shiga shagon uban da bai san sirrinsa ba, ya ga katako a jere, ya kwaso. Ya ce mini, "Baba Mushe, wace mota?" Na so ƙasa ta buɗe.

Kwana biyu Habu bai ci abinci ba. Har wurin liman ya je ya tambaya ko za a iya buɗe kabarin a musanya iccen, liman ya ce masa ya ji tsoron Allah ya koma gida. Ya same ni a zaure ya ce, "Baba, ubana bai taɓa kiran sunana ba, ban ji haushi ba, al'ada ta. Amma abu guda da na yi mishi da hannuna, shi na na bizne aikin da ya fi so." Ya ce bayan sadakar uku zai tafi, ba ya jin zai sake iya shiga gidan. Ni na jawo wannan.

Ranar sadakar uku mai haƙa kabari ya zauna kusa da ni, ya ce, "Mushe, tun da nike wanga aiki ban ga iccen da ya zauna haka ba. Kowane ya kama ɗan'uwanshi, ko ciyawa ba mu cusa ba, ba mu rage ko ɗaya ba." Na tashi, na ja Habu zuwa shago, muka sauke fallen da ya saura muka kai shi jikin motar. Bai kai rabin allon gaba da ya kamata ya rufe ba, ya gaza da yatsu huɗu. Muka gwada saman ƙofa, ya yi kauri. Babu inda ya shiga a motar nan.

To ni dai a nan kaina ya ɗaure, kuma bai kwance ba. Ko mutumin da ya je Deule saboda kaurin farce ne ya yi kuskuren yatsu huɗu, ya yi shekara goma sha ɗaya bai gani ba? Ko kuwa tun farko ya san inda katakon zai kwanta, ya bar ni ina zufa da ƙamus ina jiran kujerar baya? Na tuna na taɓa karanta masa cewa maƙeran can suna aje falle ɗaya daga kowane icce ko da wata rana za a bukaci gyara. Shin wannan ne nasa, ko dai kabarin ne kawai ya cika a falle sha ɗaya? Ban sani ba. Amma na ce wa Habu, da muryar da nake ba da amsa a aji, "Ba na mota ba ne. Ka kai su inda ya yanka su don su je."

Habu ya juya fallen. Akwai rubutun fensir a ƙasa, inda Malam Ila ke sa sunansa. Ni mai Faransanci da Ingilishin ƙamus, ajamina ba ya tafiya sai da sanda, don haka shi ya karanta. Ya karanta sau biyu, ya zauna a ƙasa. An rubuta: Abubakar. Da yamma na gan shi yana cin tuwo a ɗakin uwarsa, fallen na jingine kusa da shi.

Allah ya jiƙan Malam Ila, ya yafe masa kurakuransa, har da na yatsu huɗu in kuskure ne. Allah ya yalwata masa makwanci, ya haskaka shi, ya sa aikin hannunsa ya yi masa shaida ranar da za a tambaye shi. Allah ya ba Hajiya Rabi haƙuri, ya riƙa wa Abubakar da ƙannensa, ya haɗa kansu a gidan nan. Mu da muka saura, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.