Tsohuwa Mai Neman Dalili

Ma'aikaciyar jinyar ba ta taɓa ganinta ba, amma ta kasa ɗauke ido. Tsohuwa ce 'yar firit, gilashinta ɗaure da zare, tana shigowa ɗakin binciken ciwon sukarin yara kamar wadda aka yi wa albishir. Ruwan da ake sha a gidan jikanta jariri kawai aka ce a kawo. Ita kuwa sai jera kaya take a tebur: ruwan famfo, ruwan rijiya, ƙurar ƙarƙashin gado ƙulle a leda, har da gashin kyanwa.

"Iya, ai wannan ya yi yawa," in ji ma'aikaciyar tana dariya.

"Yawa? 'Yar nan, yayan jaririn yana shekara huɗu ciwon ya kama shi, ba wanda ya iya gaya mini dalili. Yau ga masu nema, sai in yi rowa?"

Hannunta ko rawa ba ya yi. Ma'aikaciyar ta raya a ranta, lallai wannan hannun ne ke yi wa yayan jaririn allura kullum.

"Amsar fa za ta ɗauki shekaru, Iya."

Tsohuwar ta tura mata kwalba, idanunta na ƙyalli.

"To, me kike jira?"